Littafin Girkin Gida: Yadda Ake Tattara Shi da Abin da Ya Kamata Ya Ƙunsa

Littafin girki na gida kundi ne da iyali suke rubuta yadda ake dafa abincin gidansu a ciki: tuwo da miyar yau da kullum, kunun buɗa-baki, kayan garar amarya, abincin mai jego da na majinyaci. Ba ɗaya yake da littattafan girke-girke na kasuwa ba, ko bidiyon da ake kallo a waya. Waɗannan suna koyar da miyar taushe ta kowa da kowa. Shi kuwa abin da yake adanawa shi ne miyar taushen gidan wane, wadda 'ya'ya da jikoki ke shaida ƙamshinta tun daga zaure.

Rubuta girki tsohon abu ne a duniya. A Jami'ar Yale ta Amurka akwai wasu allunan yumɓu da aka samo daga ƙasar Iraƙi ta yanzu, waɗanda aka rubuta wajen shekara ta 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, ɗauke da bayanin yadda ake dafa romon nama da ganye iri-iri. A Bagadaza, cikin ƙarni na 10, Ibn Sayyar al-Warraƙ ya tattara ɗaruruwan girke-girken zamanin halifofin Abbasiyawa a littafi guda. Sai dai yawancin tsofaffin rubuce-rubucen girki don ƙwararru aka yi su, shi ya sa sukan ambaci kayan haɗi su yi shiru a kan adadi. Awo na ƙa'ida, da kofi da cokali shafaffu, daga baya ya bazu, kuma littafin da Fannie Farmer ta fitar a birnin Boston a 1896 yana cikin waɗanda suka fi yaɗa shi. A ƙasar Hausa kuwa, duk da daɗewar rubutun ajami, alƙalami ya fi karkata ga addini da waƙa da wasiƙu da magani. Girki a gindin murhu ake koyonsa, yarinya tana iza wa uwarta wuta tana kallo.

Wannan hanya ta wadatar a zamanin da kaka da uwa da jika suke rayuwa a tsakar gida ɗaya. Yanzu yarinya takan tafi makarantar kwana tun ba ta gama sanin tuƙin tuwo ba, daga nan sai kwaleji ko jami'a, daga nan aure ya kai ta Abuja ko Yamai ko Kumasi. Injin niƙa ya karɓe aikin turmi da dutse, dunƙulen ɗanɗano na kanti ya ture daddawa daga tukwane da yawa, alkaki da nakiya da dubulan kuwa sun koma sai an kai aikinsu wurin wata tsohuwa guda a unguwa. Ranar da ta kwanta dama sai a nemi mai yi a rasa. Abincin da ake yi sau ɗaya ko biyu a shekara shi ya fi saurin ɓacewa, domin ba a maimaita shi yadda hannu zai saba.

Saboda haka aikin yana farawa ne da jeri. A zauna da mutanen gida a lissafa duk abin da ake dafawa, a sa sunan wanda ya fi iya kowanne a gefensa. A nan ake gane cewa gwaninta a rarrabe take: funkaso sai Goggo, dambun nama sai Inna, yajin daddawa sai Iya, kunun gyaɗa sai abokiyar zaman uwa, gashin naman layya kuwa sai Baffa ko Kawu, don maza ma suna da nasu fannin. Sai a fara da wanda ya fi manyanta, da abincin da ya fi wuyar samu. Dafa-duka da taliya za su iya jira. A kuma nemi izini cikin ladabi. Matar da ta reni 'ya'yanta da sana'ar waina, ko mahaucin da ya gaji haɗin yajin kilishi, suna da ikon riƙe sirrinsu, ko su yarda a rubuta bisa sharaɗin ba zai fita daga dangi ba. In an yi haka, a rubuta sharaɗin a saman shafin, domin amana ce.

Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne su sami tsohuwa a ɗaki da biro da takarda su ce ta faɗa musu yadda ake yi. Za ta faɗa, amma rabin aikin ba zai fito daga bakinta ba. Za ta manta ta ce tana daka daddawar tare da citta da barkono kafin ta zuba, ko tana jiƙa kanwar tun da safe ta tsiyaye ruwan ta bar yashin a ƙasa. Ba rowa take yi ba. Abin ne ya zame mata jiki har ba ta ƙirga shi cikin aiki. Gani ya kori ji: a sayo kayan, a roƙe ta ta dafa, mai rubutu yana zaune a gefe a kan kujera 'yar tsugunno.

A nan ake cin karo da matsalar awo. In aka ce, "Hajiya, kukar nawa za a zuba?" amsar ba ta wuce, "Ke dai ki yi ta barbaɗawa har ki ga ta yi." In aka ce, "Kanwar fa?" sai ta ce, "'Yar kaɗan, kada ki cika hannu." Amsoshin daidai ne, amma ba za su amfani wanda bai taɓa gani ba. Kuma ba dabara ba ce a miƙa mata cokalin awo, domin da zarar an raba ta da hannunta, girkin ya tashi daga nata. Abin da ake yi shi ne a auna kafin ta taɓa, a sake aunawa bayan ta gama. Misali, a zuba garin kuka cokali goma a ƙaramin kwano a ajiye mata. Ta riƙa ɗiba yadda ta saba, hagu na barbaɗawa, dama na murza maburgi. In ta ce ta yi, aka auna ragowar aka sami cokali shida, to huɗu ta zuba ke nan. Haka za a yi wa gishiri da garin tuwo da mai. Ruwa kuwa a cika jarkar da aka san litarta, a duba abin da ya saura. Abin da take ɗiba da yatsu, kamar masoro ko kanumfari, sai a roƙe ta ta fara sa shi a faranti a auna, sannan a juye a tukunya. Wataƙila ta yi tsaki ta ce yaran zamani sun cika fi'ili, amma ai sau ɗaya za a yi.

Shi ma ma'aunin sai an fayyace shi. Mudu ba ɗaya ba ne daga kasuwa zuwa kasuwa, haka tiya da kwano, kuma mudu mai tozo daban yake da shafaffe. Ludayin wannan gida yakan ninka na wancan. Abin da ya fi sauƙi shi ne a zaɓi ma'auni guda wanda ake samu ko'ina, kamar gwangwanin madarar ruwa, a rubuta a shafin farko cewa duk inda aka ce gwangwani a littafin nan shi ake nufi, kuma shafaffe. Cokalin shayi na awo yana cin mililita 5, babban cokali 15, wato ukun ƙaramin, kofin awo kuwa tsakanin 240 da 250. Mai ƙaramin sikeli ya huta, musamman a kayan fulawa irin su cincin da gireba, inda ɗan bambanci ke ɓata aiki. Awon da bai kamata ya shiga littafi ba ko kaɗan shi ne na kuɗi. "Tattasai na ɗari biyu, attaruhu na ɗari" maganar kasuwar yau ce, ba za ta kai baɗi ba. Ko a cikin shekara guda, tumatirin da kuɗi ke saye lokacin da kayan lambu suka yi yawa ba shi suke saye a tsakiyar damina ba. Wanda ya tsinci takardar kakarsa an rubuta "daddawa ta sisi" ba abin da zai gane, tun da Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo a 1973. Ƙwaya ake rubutawa: tattasai manya biyar, attaruhu uku, albasa madaidaiciya ɗaya.

Lokaci ma haka yake. Minti ashirin a kan gas daban, a kan itace ko gawayi ko risho daban, kuma tukunyar ƙasa tana ci gaba da dafa abinci bayan an sauke ta, abin da tukunyar silba ba ta yi sosai. Don haka a rubuta mintunan, amma a haɗa da alama, kuma in sun saɓa alamar ake bi. Talge ya nuna in ya yi kauri yana tsartuwa, warin ɗanyen gari ya tafi. Jajjage ya soyu in mai ya taso sama, tsamin tumatir ya mutu. Mai ya isa suyar ƙosai in aka ɗiga ƙullu ya taso nan take, bai kwanta a gindin kasko ba. Ƙullun waina ya fi kowanne bukatar alama, domin da zafin bazara yakan tashi cikin 'yan sa'o'i, da hunturu kuwa yakan kwana bai gama ba. Wanda ya rubuta "a bar shi awa shida" ya yaudari mai karatu rabin shekara. Gara ya rubuta cewa ƙullun ya kumbura, ya yi ƙananan huji a sama, yana ƙamshi mai tsami-tsami. Irin waɗannan kalmomi daga bakin mai girkin su ne ainihin abin da aka zo nema. A rubuta su yadda ta faɗe su, kada a gyara mata Hausa.

Kowane girki a ba shi shafinsa. A sama a sa sunan abincin, da sunan wadda aka karɓa daga gare ta, da garinsu, da wurin wanda ita ta koya, da shekarar da aka rubuta. In abu yana da suna biyu a sa duka, domin dangi sukan haɗa mutanen gari daban-daban: wainar wani ita ce masar wani, kuɓewar Bakano ita ce guron Basakkwace, yakuwa kuma wasu sure suka san ta da shi. Sai a faɗi mutum nawa abincin zai ciyar, a jera kayan haɗi bisa yadda za su shiga tukunya, sannan matakai, kowane aiki a layinsa. Ga yadda shafin ɗan wake zai iya kasancewa. Na mutum huɗu: garin wake gwangwani biyu, garin rogo gwangwani biyu, kuka babban cokali biyu, da tataccen ruwan kanwa. A tankaɗe garin tare da kuka. A zuba ruwan kanwa, a riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan ana kwaɓawa har ya yi danƙo, yana bin hannu amma ba ya zuba. A tabbatar ruwan tukunya yana tafasa sosai kafin a fara jefawa. In kumfa ta taso a rage wuta, kada a rufe tukunyar ruf. In ya taso sama a ƙara masa 'yan mintuna, a tsamo ɗaya a raba a ga cikinsa ba ɗanyen gari, sannan a tsame a ruwan sanyi. Wannan misali ne kawai. Wani gida fulawa suke sawa, wani garin dawa, kuma wannan bambanci shi ne dalilin rubuta littafin tun farko.

Rubutu bai kammala ba sai an gwada shi. A miƙa shafin ga wanda bai taɓa yin abincin ba, ya dafa shi da takardar kaɗai, ba mai sa masa baki. Duk inda ya tsaya yana tambaya, nan ne giɓin yake. In ya gama a kai wa mai girkin ta ɗanɗana. In ta ce, "Ya yi, amma kanwar ta ɗan ji," a koma a gyara adadin. In yaya da ƙanwa suka saɓa a kan yadda mahaifiyarsu take yin miyar taushe, wannan ta ce da yakuwa, waccan ta ce babu, a rubuta duka biyun da sunan kowa, ba sai an yi shari'a ba. Mai yiwuwa ne uwar ta yi duka biyun a zamani daban-daban. Dama girki ba ya tsayawa wuri ɗaya. Masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba su iso Afirka ba sai bayan ƙarshen ƙarni na 15, ga shi yau ba mai kiran tuwon masara baƙon abinci. Don haka a bar fili a ƙasan kowane shafi. Wadda ta rage mai saboda maigida na da hawan jini, ko ta musanya shinkafa da acca saboda ciwon sukari, ta rubuta nata a nan da kwanan wata, ba tare da ta goge na asali ba. A wannan fili ne kuma ake rubuta awon taron suna da biki. Ninka gari da ruwa ba wuya, amma gishiri da kanwa da yaji ba a ninka su ido rufe, sai a zuba ƙasa da lissafi a ɗanɗana a ƙara.

Wajen tsara littafin, gara a bi yadda gidan yake cin abinci: tuwo, miya, kunu da abin sha, abin karin kumallo, na azumi, na salla, na biki, na jego da na yaye. A sa lamba a shafuka, a bar biyu na farko don jerin abin da ke ciki. Boko ko ajami, wanda mutanen gida suka fi iya karantawa shi ne daidai. Waya tana da amfani ƙwarai wajen ɗaukar muryar mai girki, da hoton kaurin ƙullu ko naɗin alkaki, waɗanda baki ba ya iya kwatantawa. Amma waya tana faɗuwa, tana lalacewa, ana sace ta. A sami littafi mai bango mai kauri, a yi rubutu da biron da ruwa ba ya wanke shi, a ajiye shi nesa da danshi da gara. Wanda ake shiga da shi madafa kwafi ne da aka sa a leda. A shagon buga takardu za a iya buga shi a ɗinke kwafi da yawa a raba wa dangi, kuma yana da wuri a cikin kayan amarya, da jakar yaron da zai tafi karatu ko bautar ƙasa.

Sashen ƙarshe na littafin na dabarun madafa ne, wato abubuwan da ba na girki ɗaya ba ne, na kullum ne. A nan ma sai an tace, domin ba duk abin da aka gada ne yake aiki ba. Ana yawan cewa in gishiri ya yi yawa a jefa ɗanyen dankali ya tsotse shi. Abin da dankalin ke tsotsa ruwan miyar ne da gishirinsa gaba ɗaya, ragowar kuma tana nan da ɗanɗanonta. Maganin gaskiya shi ne a ƙara yawan miyar da kayan da ba gishiri. In abinci ya kama, kada a kankare gindin. A juye na saman a wata tukunya nan take, kafin ƙauri ya bi shi duka. Tsamin tumatir doguwar suya ke kashe shi, da wadatacciyar albasa. Kuka tana yin gudaji ne in an zuba ta da yawa lokaci guda, saboda haka a rage wuta, a barbaɗa kaɗan-kaɗan ana burgawa. Kuɓewa da karkashi ba sa son a rufe su, kuma abu mai tsami yana rage musu yauƙi. Ganye irin su alayyafo da zogale a wanke su kafin a yanka, a sa su a ƙarshe, domin doguwar dahuwa tana cinye amfaninsu. Wake in an jiƙa shi ya kwana, aka zubar da ruwan, yakan fi saurin nuna, ya kuma rage kumburin ciki. Zoɓo da kunun tsamiya da miya mai tsami kada a bar su su kwana a tukunyar dalma, musamman wadda aka ƙera da tarkacen ƙarafa, domin tsami yana cin jikin tukunya ya shiga abinci.

Kanwa da gishiri sun cancanci shafi nasu. Kanwa tana sa wake da nama su yi laushi da wuri, tana fito da yauƙi, tana riƙe koren ganye, amma tana lalata wasu sinadaran gina jiki, kuma tana ɗauke da sinadarin sodiyam, irin wanda yake cikin gishiri yake tayar da hawan jini. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da yawan shan kunun kanwa tare da tsananin zafin wankan jego. Mai rubuta abincin jego ya kamata ya sa wannan gargaɗi a gefen shafin. Gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne, don haka wadda ta murmusa huɗu a miya sannan ta ɗebi gishiri ta zuba ta yi aiki biyu. Daddawa da albasa da tafarnuwa da busasshen kifi suna ba da ɗanɗanon da zai sa a rage duka biyun.

Ajiyar hatsi ita ma tana cikin ilimin madafa. Ƙwarin wake da iska suke rayuwa. In aka shanya wake ya bushe ƙarau, aka cika jarka da shi har baki, aka toshe, ƙwarin za su mutu ba tare da an sa magani ba. A kan wannan hikima aka yi buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar tare da masu binciken noma a Kamaru da Nijar. Zuba maganin ƙwari na feshi a cikin abin da za a ci ganganci ne da rai. Gyaɗa da masara in aka ajiye su da danshi suna yin fumfuna, fumfunar kuma tana haifar da wata guba mai suna afalatoksin, wadda dahuwa ba ta kashe ta, kuma tana jawo kansar hanta. A tsince ƙwayoyin da suka yamushe ko suka sauya launi a zubar, kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli ko kunun yara da su. Ɓera kuwa ba ɓarna kaɗai yake yi ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma ya fi yaɗuwa da rani. A rufe gari da hatsi a mazubi mai murfi, a daina shanya a ƙasa ko a bakin titi.

Dafaffen abinci yana da nasa ƙa'idar. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin zafi, kuma zafin ɗaki a ƙasar Hausa yana tsakiyar wannan tazara. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a wuta ba, ba a firji ba. Shinkafa ta fi tuwo haɗari a wannan fanni, domin akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa ta farfaɗo in shinkafar ta huce ta daɗe. Ɗumame ba laifi ba ne, amma ya yi zafi har ciki yana tururi, ba a ɗan nuna masa wuta ba, kuma miya ta tafasa. In an ɗauke wuta, firji yakan riƙe sanyinsa wajen awa huɗu in ba a buɗe shi ba, cikakkiyar firiza kuwa takan kai kwana biyu. Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama ko kaza a kansu a wanke su da sabulu kafin su taɓa latas ko kabeji ko duk abin da za a ci ɗanye. Zuma kuma, duk da albarkarta, ba a ba wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba.

Saura maganar wuta. In mai ya kama da wuta a kasko, kada a kuskura a watsa ruwa, domin ruwan zai tarwatsa man mai ci ya bazu. A kashe murhun, a kifa murfi a kan kaskon, a bar shi ya huce. In an ji warin gas kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. A rufe kan tukunyar gas, a buɗe ƙofa da taga. Iskar gas ta fi iska nauyi, ƙasa take kwantawa, shi ya sa ƙofa ta fi taga amfani. Inda ake zaton yoyo, ruwan sabulu ake shafawa, in ya yi kumfa to nan ne. Gawayi kuwa ba a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa da hunturu, domin yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci ta kashe mutum a cikinsa. Hannun tukunya da na kasko a juya shi ciki inda yaro ba zai kai ba, tafasasshen ruwa da tukunyar talge kada a ajiye su a ƙasa inda mai rarrafe yake. In ƙuna ta faru, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana zuba har minti ashirin, ba ƙanƙara ba. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Kada a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko gishiri ko manja, kuma kada a fasa bororon da ya tashi. A rufe da ƙyalle mai tsabta. In ƙunar ta fi faɗin tafin hannun wanda ya ƙone, ko ta taɓa fuska ko hannu ko gaba, ko kuma ƙaramin yaro ne, a kai shi asibiti nan take.